Gil-man Mai Awara a Dutsen Addu'a

A garinmu babu wanda bai san labarin itacen Ok-bun ba, domin mijinta, Ham Gil-man mai awara, bai taɓa bari a manta da shi ba. Kowace shekara ranar godiyar kaka, bayan an jera kabewa da buhunan shinkafa a gaban coci, fasto yakan kira shi, shi kuma ya fito cikin kwat ɗinsa ɗaya tilo ya ba da shaida.

Labarin kuwa ga shi. Suna da ƙuruciya, 'yarsu Yong-ja tana goye, tarin fuka ya kama Gil-man har yana tofar da jini. Likita ya ce a mai da shi gida. Ok-bun ta bar goyon a hannun ƙanwarta, ta hau dutsen addu'a. A can, wanda abin duniya ya kai shi bango yakan kama ƙaramin sonamu, itacen nan mai ganye kamar allura, ya yi ta kiran Ubangiji yana ja, ba ya saki sai ya tuge shi da saiwa. Da ta sauko, tafin hannunta duk a saɓule, ƙaron itacen ya manne mata a yatsu, ganyen a cikin gashinta. Mama Tak, shugabar zumuntar mata, ita ta fara ganinta a bakin hanya. Ta kama hannuwan nan ta ɗaga su sama, ta shaida wa jama'a cewa Ok-bun ta tuge. Kafin ƙanƙarar waccan shekarar ta narke, jinin ya tsaya. Wannan kam ba ƙari a ciki. Mutumin da aka sallama ya tashi, ya yi ƙiba, ya shekara ashirin da wani abu yana tuƙa keke a hawan garin nan ba tare da ya yi haki ba.

In yana ba da shaidar, Ok-bun takan sunkuyar da kai a ɓangaren mata. Mutane su ce, dubi tawali'u.

Sana'arsu ta mutum biyu ce. Ita ke jiƙa waken suya, shi ya niƙa, su tace tare, kowa riƙe da nasa gefen ƙyallen. In madarar ta tafasa a babbar tukunyar ƙarfe ta tsakar gida, ita ke zuba ruwan gishirin da ke sa ta kama, domin shi hannunsa da nauyi, in ya zuba awarar sai ta yi ɗaci. Da safe ya ɗora akwati a bayan keke, ya bi unguwanni yana kaɗa ƙararrawa yana waƙar coci, rabin baitocin kuwa shi ya ƙirƙira. Ita takan leƙo ta ce masa, fasto marar coci, a sayar da awarar tukuna kafin a fara wa'azi.

A shekarar da abin ya faru, tun damina Ok-bun ta fara ture kwano. Cokali biyu sai ta ce ta ƙoshi. Da aka kai ta babban asibitin birni, likitoci suka buɗe cikin, suka duba, suka mayar suka ɗinke. Likitan ya ja Gil-man gefe ya ce masa ciwon daji ne, ya riga ya bazu, a kai ta gida a ba ta duk abin da ranta ke so.

Gil-man ya sunkuya ya yi masa godiya. Ba tsoro ya ji ba. Ji ya yi kamar an kira sunansa a cikin taro. Ai ya taɓa jin irin wannan magana daga bakin wani likitan, ga shi kuwa a tsaye da ƙafarsa. Abin da ta yi masa, yanzu shi zai yi mata.

Mama Tak ta tsufa, tana dogara sanda, amma muryarta tana nan yadda take. Kullum da hantsi sai ta zo da mata biyu ko uku da ɗan romo a kwano. Su durƙusa kewaye da shimfiɗar, su ɗaga hannu su kira Ubangiji sau uku da iyakar ƙarfinsu, sannan kowa ya ɓarke da tasa addu'ar a lokaci ɗaya, har takardar da aka liƙa a ƙofa tana rawa. Tun ranar farko ta kafa doka. Ta ce baki yana da iko, abin da mutum ya furta shi yake gayyata. A gidan nan kada a ambaci mutuwa, kada a ambaci kabari, kada a yi maganar da ta fara da in. An roƙa, an samu, saura godiya. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ok-bun kamar 'ya take a wurinta, in ta fita ƙofa ma kuka take yi.

Gil-man ya riƙe dokar da hannu biyu. Wata rana yana ba Ok-bun kunun shinkafa, ta kau da baki ta dube shi.

"Baban Yong-ja, in na tafi..."

"Ina za ki? Kasuwa? Ai sai in ɗauke ki a keke."

"Ka bar wasa. Akwai maganganun da nake so mu yi."

"Za mu yi su kina zaune a bakin tukunya kina yi mini faɗa. Buɗe bakin."

Ta buɗe, ya sa cokali. Daga nan haka abin ya zama. Duk lokacin da ta ɗauko maganar, ko ya sa mata cokali, ko ya kama waƙa, ko ya tuna akwai wake a ruwa. In ya fito tsakar gida sai ya tsaya yana haki kamar wanda ya tsallake rami, yana gode wa Ubangiji da ya tare kalmar kafin ta fito.

Da sanyi ya fara shiga, Mal-sun, ƙanwar Ok-bun, ta rufe rumfar kifinta a bakin teku ta zo jinya. Ita ba ta zuwa coci, tana shan taba, kuma tun tana yarinya ba ta raga wa mijin yayarta. Da ta ji ihun hantsi na farko, sai ta tare shi a bakin famfo.

"Yaya, in da ihu na warkar da mutum, ai da masu gwanjon kifi ba sa mutuwa."

"Ni wa ya warkar da ni?"

"Ni kam goyo aka bar mini, ban ga komai ba. Amma matar nan tana so ta yi maka magana. Kunnen naka waken suya aka cusa a ciki?"

Ya yi dariya ya ce mata ta jira ta gani, ita ma sai ta durƙusa.

Sai aka kai inda ko kunun ba ya zama. Fuskar Ok-bun ta zama ido kawai. Mama Tak ta kira Gil-man waje, ta ce addu'ar ɗaki ta yi iyakarta, ya san inda Ok-bun ta je dominsa. Ta kuma ja masa kunne da abu ɗaya. Ta ce in amsa ta kusa, lallai wani abu zai zo ya kira shi ƙasa. Ko yunwa, ko sanyi, ko wani labari mai tayar da hankali. Shaiɗan ya san lokacin da abin ke gab da ƙwace masa. Mutane da yawa sun saki itacen saura ƙiris. Kada ya saki.

Da safe ya naɗe bargo, ya shiga ya durƙusa kusa da Ok-bun. Ta ga bargon ta gane.

"Kada ka je."

"Ba daɗewa zan yi ba."

"Zauna nan. Ka yi addu'ar a nan, zan ji, zan ce amin." Ta kama hannun rigarsa. Riƙon ba ƙarfi, da ya motsa kaɗan zai zame. "Maganar itacen nan, Baban Yong-ja. Tun tuni nake so..."

"Na sani. Kin sha wuya. Ni ma bari in sha tawa."

"Ba haka ba ne. Ka saurara."

Ya ga inda maganar za ta, ko dai ya zaci ya gani. Za ta ce ya haƙura, za ta ce lokaci ya yi. Ya ɗora tafinsa a goshinta ya ɗaga murya ya yi godiya cikin sunan Yesu saboda warkarwar da aka riga aka ba su. Yana yi yana jin leɓenta na motsi. Bai tsaya ba sai da ta yi shiru. Sannan ya zare hannun rigarsa a hankali, ya gyara mata bargo, ya ce ta ajiye masa faɗan, in ya dawo zai zauna ya sha shi duka.

Mal-sun tana bakin ƙofa da taba a hannu. Ba ta yi masa ba'a ba wannan karon, ba ta kuma yi masa sai ka dawo ba.

Gidan addu'ar dogon ɗaki ne mai rufin kwano a gindin dutsen, da lasifika a kan sanda da ake kiran mutane sujada. Daga nan zuwa sama duk gangare ne da kurmin sonamu, ko'ina murya na tashi, ta maza da ta mata, wani na kuka wani na faɗa da Ubangiji kamar da maƙwabcinsa. Itatuwan da ke kusa da hanya duk sun karkace, ɓawonsu ya goge saboda hannuwa. Gil-man ya wuce su, ya haura can nesa inda babu kowa. Yana tafe yana duban ƙasa ko zai ga ramin da itacen Ok-bun ya bari, ko da yake ya san shekaru sun cike shi. Ya taɓa tambayarta wajen, ta ce ta manta.

Akwai ƙanana kamar yatsa, waɗanda ko yaro zai fizge. Ya ji kunyar kai wa Ubangiji irin wannan. Ya zaɓi mai kaurin wuyan hannunsa, a bayan wani falalen dutse, ya durƙusa ya rungume shi.

Ba ya ci, sai ruwan ƙorama. Ya kira sau uku, ya shiga ja. Ya gaya wa Ubangiji cewa bai zo neman arziki ba, bai zo neman tsawon rai don kansa ba. Ya tuna masa wadda ake magana a kai, matar da ba ta taɓa fashin sujadar asuba ba, wadda ke ware awarar farko ta kai wa tsofaffin unguwa. Ya ce ba zai sauka ba sai an ba shi ita. Wani lokaci roƙo yake, wani lokaci har tsawa yake yi, sannan ya ji tsoron bakinsa ya nemi gafara, ya sake komawa. Itacen yana lanƙwasa yana dawowa. Fatar tafinsa ta tashi, ta fashe, ƙaro ya shiga ciwon. Da ya ga hannuwan sun zama irin nata na wancan lokacin, sai ya ji daɗi. Kwana ya bi kwana. Muryarsa ta dushe, ta koma kamar ta tsohon zakara, daga baya ta ɗauke, sai iska ke fita.

Wata la'asar lasifikar ta yi ƙara daga ƙasa.

"Ɗan'uwa Ham Gil-man, ka sauko ofis. An bugo waya daga gida. Ɗan'uwa Ham Gil-man."

Hannunsa ɗaya ya saki itacen da kansa. Ya miƙe rabi. Ya ga fuskar Ok-bun, ya ga yatsun nan a hannun rigarsa. In ya ruga yanzu zai sami motar yamma.

Sai maganar Mama Tak ta dawo masa. Wani labari mai tayar da hankali. Saura ƙiris. Ya dubi gindin itacen, ya ga ƙasa ta ɗan tsage a gefe ɗaya, abin da bai gani ba da safe. To ga shi nan, daidai yadda aka faɗa masa. In ya sauka yanzu, me zai kai mata? Hannu wofi da fuskar wanda ya karaya, ya zauna yana kallonta tana tafiya. Ita ba ta yi masa haka ba. Ya koma ya durƙusa, ya maƙale itacen da ƙirjinsa.

An sake kira. Can kuma ya ji takun mutum yana haurowa, wani ma'aikacin gidan ne yana kiran sunansa a cikin kurmi. Gil-man ya kwanta a bayan falalen dutsen, ya manna fuskarsa a ƙasa. Mutumin ya zo kusa har ana jin numfashinsa, ya tsaya, ya juya ya sauka.

Washegari aka wuni ana ruwa mai sanyi. Ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Ya yi ta ja cikin taɓo, yana zamewa yana tashi, ya tona gindin da farce. Kashegarin wannan, da hantsi, ya kafa ƙafafunsa a jikin dutsen ya ja da duk abin da ya rage masa. Wani abu ya tsinke a ƙarƙashin ƙasa da ƙara kamar igiya, sai ga shi a rigingine, itacen a kan ƙirjinsa, saiwa a sama tana zubar masa da ƙasa a fuska. Ya yi ta dariya ba murya, hawaye na shiga masa kunne. Wani ɗumi ya bi jikinsa tun daga kai har ƙafa. Bai taɓa tabbata da wani abu a duniya kamar yadda ya tabbata a lokacin ba.

Bai ma bi ta ofis ba. Me zai tambaya? Ya yanke ta wata hanya ya faɗa titi. Direban bas ya yi mita a kan taɓo, amma wata tsohuwa da ta gane abin da yake ɗauke da shi ta matsa masa wuri, ta taɓa ganyen ta ce amin. Duk hanya tunaninsa ɗaya, me za ta fara cewa tana so ta ci. Wataƙila awara mai zafi, wadda ba a danne ba tukuna, da ɗan ruwan miya. To wa zai zuba gishirin? Sai ta zauna a kujera ta riƙa gaya masa.

Da ya karyo kwanar lungunsu sai ya ga fitilar takarda mai ruwan ɗorawa, irin wadda ake ratayewa a ƙofar gidan da aka yi rasuwa. Ya dubi ƙofar da ke gaba da ita da wadda ke bayanta. Tasa ce. Takalma sun cika bakin ɗaki har tsakar gida, ana waƙa a ciki a hankali.

Ya tsaya da itacen a kafaɗa. Wata mata da ke wanke kwanuka ta ɗago ta gan shi, ta ga saiwar, ta dafe ƙirji. Kafin ya taka sau biyu maganar ta zaga gidan a raɗa, ya tuge, Baban Yong-ja ya tuge. Mama Tak ta fito da sandarta, ta kama hannuwansa masu jini tana kuka. Ta ce kada ya yi zaton ba a ji shi ba, Ok-bun ta sami warkarwar da ta fi kowace, inda babu ciwo kuma. Ta ce itacen nan a kai shi coci a kafa shi a gaba, yara su gani su san akwai bangaskiya a garin nan.

A ɗaki ya tarar an riga an rufe akwatin tun da safe. Sun jira shi iyakar jira. 'Yarsa Yong-ja, wadda ta zo daga birni cikin tufafin makoki, ta sunkuya ta gaishe shi yadda ake gaida baƙo, ta koma ta zauna.

Mal-sun ce ta ja shi bayan gida, wajen randunan da ake tsima miyar wake, inda ba kowa. Ta ce ita ta buga wayar. Ta ce Ok-bun ta kwana da bakinta da hankalinta, sai washegari da hantsi ta cika. Da ya sauko da aka kira shi, da ya same ta. Duk ƙarar da ta ji a lungu sai ta tambaya ko shi ne.

"An kira ka ko ba a kira ka ba?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka ji?"

Ya sake gyaɗa kai.

Mal-sun ta zaro taba, ta mayar ba ta kunna ba.

"Ta bar maka saƙo ɗaya. Ta ce itacen nan ba ta tuge shi ba. Yana nan inda yake, kusa da ƙorama, yanzu ma ya isa a yi ginshiƙi da shi. Ta ja, ta ja, ya ƙi. Daga baya riƙe shi kawai ta yi don kada ta gangara, tana kuka. Ta ce a ƙarshe abu ɗaya ta roƙa, in za a ɗauke ka, a bari tana kusa, kada ka tafi kai kaɗai. Shi ya sa ta sauko da wuri. Tsohuwar can ta ɗaga mata hannu kafin ta buɗe baki. Da ka warke kuma ka fara hawa gaban coci kana murna, sai ta rasa ta inda za ta fara."

Gil-man ya jingina da randa. Ya tattaro abin da ya rage a maƙogwaronsa, ya matsa kusa da kunnenta.

"Sauran fa?"

"Wane sauran?"

"Ta ce maganganu."

"Na tambaye ta. Ta ce waɗannan ba nawa ba ne, naka ne." Mal-sun ta share hanci da bayan hannu. "Ka ce ta ajiye maka. Ta ajiye."

Ta tafi ta bar shi. Ya so ya ce Ubangiji ba ya ji, da ya fi masa sauƙi. Amma ga ƙirjinsa yana shaƙar iska lafiya lau, shekara ashirin da wani abu, a kan addu'ar macen da ba ta tuge komai ba.

Masu gaisuwa suna ta ƙaruwa, dole a ciyar da su. Wani ya riga ya jiƙa wake, maƙwabta sun niƙa, madarar tana cikin tukunyar ƙarfe ba a hura mata wuta ba tukuna. Gil-man ya je ya ɗauko itacen daga inda aka jingine shi da girmamawa a jikin bango. Ya sa gatari ya datsa shi, saiwa da reshe da ganye, ya cusa a murhu ya kunna. Ɗanyen sonamu ba ya ci da daɗi. Hayaƙi fari mai yaji ya turnuƙe tsakar gidan, ya shiga ɗaki, masu waƙa suka fara tari, baitin ya yanke a tsakiya.

Mama Tak ta fito tana kare ido da hannun riga, tana tambayar ina aka kai itacen. Gil-man yana tsugune yana fifita wutar. Da madarar ta taso, ya ɗauki kwanon ruwan gishirin, ya tsaya riƙe da shi a kan tukunyar, bai san iya nawa ake zubawa ba.